Butar da Na Goge a Ma'adi

Ko zan manta komai na zamana a Alƙahira, ranar da na goge butar tsohuwar Bajamushiyar nan ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatu, ina zaune a unguwar Ainu Shams. Sau uku a mako nakan hau jirgin metro zuwa unguwar Ma'adi in taya ta aikin gida. Bamisire ta aura, ya rasu ya bar ta a nan, Larabcinta ma ya fi nawa gudu. Teta nake ce mata, kamar yadda jikokinta suke kiranta. Ba ta da hira sai ta garinsu, wani ɗan gari a gindin dutse wanda a da ƙasa ce mai cin gashin kanta, da sarkinta da tutarta. Ta ce mutum zai ratsa ta a ƙafa kafin azahar. Ni kuwa sai in tsokane ta, in ce unguwarmu a Maraɗi ta fi masarautar nan jama'a.

A saman kabat ɗin falonta akwai wata butar jan ƙarfe, ta yi baƙi, ta yi kore-kore. Ni kuma rainon uwar da ba ta barin tukunya ta kwana da baƙi ce, don haka butar nan ta tsaya mini a rai. Rannan Teta za ta asibiti, ta ce in gyara falo, gobe baƙo zai zo daga garinsu. Na ce a raina, baƙo ya zo ya tarar da wannan ƙazanta? Na sauko da ita, na samu gishiri da lemun tsami, na dirje ta har sai da na ga fuskata a jiki.

Da ta dawo ta tsaya cak a bakin ƙofa. "Me kika yi, 'yata?"

Sai a lokacin na ji cewa baƙon daga gidan tarihin garinsu yake, butar zai ɗauka, don daga fadar sarkinsu ta fito. Su kuma tsohon abu da tsufansa suke sonsa. Abu ɗaya da ya rage mata na gida, shi na ɓata da ƙarambanina.

"Ma'alish, Teta, ki yi haƙuri," na ce. "Wallahi gyara na yi niyya."

Ta zauna tana jujjuya butar, har yatsanta ya tsaya kan wata 'yar barewa da ta bayyana a gindin mariƙi, tambarin masarautar. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Kakata ba gimbiya ba ce," in ji ta. "Wanke-wanke take yi a kicin ɗin fada. Da aka rushe sarautar, da wannan aka sallame ta. Duk Asabar da gishiri take dirje butar. Tun da ta rasu muka ɗora butar sama muna tsoron taɓa ta. Haka na san ta ina ƙarama, tana ƙyalli."

Washegari baƙon ya ga butar ya ɓata rai. Teta ta ce masa, "Khalas, shi ke nan. Ka rubuta a takardarku cewa mata biyu ne suka goge ta, ɗaya a fada, ɗaya a Ma'adi. In ba ka rubuta ba, ba ta fita gidan nan." Ya zaro biro.

Tun daga ranar ban ƙara taɓa kayan wani ban tambaya ba. Kuma duk lokacin da aka nuna mini kayan sarauta a bayan gilashi, nakan tambayi wa yake wanke shi.