Haramin Baba Sale

Ina tsakiyar juya tsire a Mansur, unguwarmu a nan Makka, 'yata Hafsa ta kira ni. "Abuya, ka bar wutar nan ka zo, Jaddi ya tafi." Na ce ina kuma kakan nata ya tafi da ƙafar da ba ta kai shi masallaci? Sai na ji kukanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni karatuna bai wuce na allon farashi ba, amma tarihin mahaifina, Baba Sale, na haddace shi, don kullum da shi muke cin tuwo. Yana saurayi Turawa suka kwashe su zuwa yaƙin Bama, ƙasar da ko sunanta ba a taɓa ji ba a ƙauyensu na Kano. Baturen da ya ɗauke su ya ce jirgin ruwan ta Jidda zai bi, za a sauke su su yi aikin Hajji. Saboda haka ne iyaye suka sa musu albarka, kowa ya tafi da farin ƙyallensa a ƙasan jaka.

Da jirgi ya shigo Bahar Maliya suka yi wanka, suka ɗaura harami, suna ta Labbaika. Jirgi bai ko rage gudu ba. Wani matuƙi ne ya nuna musu hagu da yatsa, ya ce can take. Bature ya ce sai a dawowa. Baba yakan ce, "A dajin Bama da haramin mutum muke yi masa likkafani. A dawowa ma ba a tsaya ba."

Bayan yaƙi ya tako a ƙasa, ta Chadi da Sudan, har Makka, bai sake komawa ba. Ya sauke nasa farali, sannan ya shiga yi wa abokansa da suka kwanta a Bama, kowace shekara mutum guda. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, Bature ya yi alkawari, kai kake cikawa?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "A gabana uwayensu suka yi musu guzuri."

Saura mutum ɗaya ƙafa ta ƙi. Sunan mutumin ma ya ɓace masa, abin da ya riƙe kawai wani Bazazzagi ne mai yawan tari. A ciwonsa na ƙarshe Baba ya kama hannuna ya ce, "Kai da ba ka iya komai ba sai surutu, wannan dai za ka iya." Na tambayi limamin unguwarmu ko ana yi wa wanda ba a san sunansa ba, ya ce Wanda za ka amsa wa kira ya san shi. Bana in Allah ya yarda zan ɗaura harami, da tumbina da gwiwata mai ƙara, in yi Labbaika a madadin mai tari.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da mutanensa inda ba a saɓa alkawari. Mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙuri, ni kuma ya ba ni ƙafa.