Kano ta Bayan Katanga

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma sai an tuna mini nake cewa haka aka yi, amma tafiyar da muka kai mahaifiyata Kano ba za ta bar zuciyata ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina da aure da ƙuruciyata, muna zaune a 'Yargoje.

Inna, mahaifiyar tawa, yanar ido ce ta fara rufe mata gani. In rana ta buɗe sosai tana ganin manyan abubuwa, ta gane rumbu, ta gane saniya, har ta gane mutum in ya matso. Da la'asar ta yi sanyi kuwa, shi ke nan, sai lalube. Mahaifina bafatake ne, ya yi ta zuwa Kano da jakuna har Allah ya karɓi abinsa, kuma duk dawowa sai ya cika mata kunne da labarin kasuwar Kurmi da dutsen Dala. Ita ko Malumfashi ba ta taɓa kaiwa ba. Wata kaka da auduga ta yi kyau, muna zaune ina tsefe mata kai, sai ta ce, "Ɗiyata, ina son in ga garin nan da ubanki ya dame ni da shi, tun ɗan hasken nan bai ƙare ba." Inna ba mai roƙo ba ce. Tunda har ta furta, na san abin ya daɗe yana cin ta.

Malam, maigidana, bai yi gardama ba, Allah ya jiƙansa. Da aka zo maganar inda za mu sauka, wasu da suka saba tafiya suka ba shi shawarar gidajen baƙi na kusa da tashar mota, inda ake biyan ɗan abu kaɗan. Ya yi dariya ya ce, "Mi zai kai ni gidan haya, ga ɗan'uwana Alhaji a tsakiyar birni? In ka yi tari a zaurensa sai an ji a Kurmi. Kuma ko anini ba zai karɓa ba." Kowa ya ce lalle mun dace. Ga araha har ta kai kyauta, ga kusa da abin da muka je gani. Tambaya biyu ke nan da kowane matafiyi ke yi, nawa ne, kuma a ina yake. Akwai ta uku, amma a cikinmu babu wanda ya san da ita.

Muka hau babbar mota daga Ƙanƙara, muka sha jijjiga, muka isa. Ba zan ci amanar Alhaji ba, ya karɓe mu karɓa ta mutunci. Aka yanka kaji, aka ba mu ɗaki mai daɓe sumul, aka shimfiɗa wa Inna buzu a kan tabarma. Washegari da hantsi na yafa mayafina, na kama hannun Inna, muka nufi ƙofa. Sai uwargidan Alhaji ta ɗago kai daga tankaɗe ta ce, "Baƙuwa, ina zuwa haka?"

Na ce, "Kasuwa."

Matan gidan suka dubi juna, wata ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Uwargida ta ce, "Da rana tsaka? Daga gidan nan? Yarinya, ni da kike gani, tun da aka kawo ni rana ba ta taɓa ganina a waje ba. Iya dai tsohuwa ce, tana iya fita. Ke kuwa matar aure ce. Ki bari in an yi magariba a raka ku ku gai da maƙwabta."

A nan na ji abin da ba mu tambaya ba. Mu a ƙauye mace tana zuwa gona, tana zuwa rijiya, tana cin kasuwa, kulle sai a gidan liman. Ban taɓa kawowa a raina cewa dokar gida tana hawa kan baƙo ba. Ashe duk macen da ta kwana a bayan wannan zaure ta zama ta gidan, in aka gan ta a titi da rana, sunan Alhaji za a kira.

To, wa zai ja Inna? Malam surukinta ne, ko abinci ba ta ci a gabansa, balle ta ba shi hannunta a bainar jama'a. Yaran gidan kuwa da sassafe suke ficewa talla a guje, ba wanda zai tsaya bin takun tsohuwa. Ban da haka ma, Inna ba jagora kaɗai take bukata ba. Sai an tsaya an ce mata, ga abu can, dubi dama, sa'an nan idon ya kamo shi. Ni kaɗai na iya wannan da ita.

Haka muka zauna, kwana yana bin kwana. Kasuwar tana nan bayan katanga, muna jin ta kamar ruwa yana sauka a kan kwano: masu tallan goro, kukan jakuna, ƙararrawar kekuna, wani maroƙi da ba ya gajiya. Inna takan zauna a inda rana ta fi haske, ta ɗaga fuska wajen hayaniyar ta ce, "Mi ke wucewa?" In ce, "Inna, katanga ce a gabanmu." Malam ya fita tun safe, ya dawo da yamma da ƙunshin alkaki, ya tsaya daga bakin ƙofa yana ba da labarin abin da ya gani, ita kuma tana sauraro ta bayan labule. Na dube su na ce a raina, wato mun sha wannan doguwar hanya ne don a ba ta labarin Kano a cikin Kano. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ana haka sai wata dillaliya ta shigo gidan da ƙullin zannuwa a ka, dattijuwa ce mai baki. Tana buɗe baki na ji harshen gida. Na ce, "Gwaggo, daga ina?" Ta ce, "Faskari, ɗiyata, amma na daɗe a nan har na fara lalacewa." Ta dubi Inna, ta dube ni, ta ce, "Ku kuma mi ya kawo ku, biki ko jinya?" Da na gaya mata sai ta tafa hannu. "Kun zo kallo kuka sauka gidan kulle? Wa ya yi muku wannan aiki?" Ta rage murya ta ce tana da ɗakuna a Fagge da take saukar da baƙi, fatake da matansu da masu jiran tafiya Makka. Abin da ta ce a biya bai wuce kuɗin zabuwa ba.

Da na gaya wa Malam sai ya ɓata fuska. "Fagge? Kin san abin da ake faɗa a kan Fagge kuwa? Kuma in dubi idon Alhaji in ce masa mi?"

Na ce, "Malam, abin da ake faɗa ban gani ba. Ka je ka gano mana. Ka ɗaga tabarma ka duba kuɗin cizo. Ka leƙa bayan gida. Ka ga ko rijiyar tana da murfi. Sa'an nan ka sami inuwa ka zauna, ka ga irin mutanen da ke shiga da fita. In gidan banza ne, ba sai an gaya maka ba." Ya tafi yana gunaguni. Ya dawo ya ce ɗakin ƙarami ne, rufin ma yana bukatar gyara, amma tsaf yake, kuma a zaure ya tarar da wani tsoho yana karanta Alƙur'ani. Sa'an nan ya ce, "Saura Alhaji."

Inna ce ta ɗauke masa wannan. Ta sa na kai ta bakin zaure, na tsaya daga ciki inda ba a ganina. Ta gaishe da Alhaji, ta yi masa godiya mai tsawo, ta ce, "Alhaji, ka ciyar da cikina, Allah ya saka. Amma ni ido na kawo ya ci, kuma ya kusa rufewa. Ka ba ɗiyata izini ta riƙa fita da ni, ko ka sallame mu mu kama ɗaki a Fagge, inda za ta iya."

Alhaji ya ce, "Iya, in na buɗe wa baƙuwa ƙofa yau, gobe da wane baki zan yi wa matan gida magana? Ku fita da magariba mana, kamar kowa."

Ta ce, "Da magariba, Alhaji, ni da Kano da 'Yargoje duk ɗaya ne."

Ya ce, "Yanzu a ce baƙona ya bar gidana ya koma haya a Fagge?" Ya kaɗa carbinsa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Bai rako mu ko bakin lungu ba. Shekaru bayan nan, in Malam ya aika masa gaisuwa ba ta dawowa. Wannan ya yi wa Malam ciwo ƙwarai, kuma ban taɓa cewa ƙaramin abu ba ne.

Gidan Gwaggo ba buzu, ba kaji. Tuwo muke saye a maƙwabta, sauro kuma ya ci rabonsa. Daga can zuwa Kurmi akwai 'yar tafiya, sai mun huta a hanya. Amma kullum rana ta buɗe, sai in kama hannun Inna mu fita, ba mai tambayarmu. Ta tsaya a gindin Dala ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Ta shafa ganuwa da tafin hannunta. Na kai ta inda aka tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu, ta ce ƙarya nake yi, sai da ta matsa ta taɓa. A Kurmi ta sa na bi da ita layin masu sirdi da linzami, inda mahaifina ke sayayya, ta tsaya tana shaƙar warin fata. Wata rana da azahar jirgin sama ya taso ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa, rana tana walƙiya a cikinsa. Ta damƙe mini hannu ta ce, "Na gan shi! Wannan ko ubanki bai ba ni labarinsa ba."

Daminar da ta biyo baya ba ta kai ƙarshe ba idon ya rufe gaba ɗaya.

Yanzu jikokina suna tafiya garuruwan da ban san sunansu ba, ina jin su suna gardamar masauki, wannan ya fi araha, wancan ya fi kusa. Nakan bar su su gama, sa'an nan in ce, ku zauna ku fara tuna abin da ya fitar da ku daga gida, da kuma wanda kuka ɗauko. Masauki ba wurin kwana ne kaɗai ba, wurin fita ne. Kowane gida da dokarsa, kuma mai gida yana da gaskiyarsa, don haka a tambaya tun ba a sauke kaya ba. Wanda ka biya, ka san abin da ya karɓa a hannunka. Na kyauta kuwa, sai ka kwana a ciki kake sanin abin da zai karɓa.