Da Na Ɗauki Zara Jinjirin Wata

Shekaru da yawa ina cikin waɗanda limamin unguwarmu ta Guéma, a Parakou, ke turawa duban wata. Ni ba malami ba ne, goro da atamfa na yi ta ja daga gari zuwa gari. Ana tura ni ne don ido gare ni, kuma ba a taɓa mayar mini da magana ba. Na dubi wata a Agadas, inda sama take wankakkiya har gindinta. Na dube shi a Kumasi, inda hadari kan sa mutane su haƙura su koma gaban rediyo. Parakou tana tsakani: wata shekara a gani, wata shekara a ji.

Sai ido ya fara gajiya. Azumi biyu a jere ana nuna mini wata da yatsa, ina ta ƙifce-ƙifce, ban ga komai ba. Ban gaya wa kowa yadda abin ya ci mini rai ba.

Ƙarshen Sha'aban na wata shekara na je suna Djougou, gidan ƙanin matata, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da kowa ke kira Metir. Tun da ya bar aiki ya koma kallon taurari. Da zan hau mota ya miƙo mini jumel, madubin hangen nesa mai ido biyu, nauyinsa kamar taɓarya.

"Yaya Alhaji, ka ɗora gwiwar hannu a kan katanga," in ji shi, "in ba haka ba sama za ta yi ta yi maka rawa."

Ran ashirin da tara muka fita Tourou, bayan garin Parakou, mu huɗu, inda gidaje ba su tare yamma ba. Akwai abokina mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Bayan magariba na jingina da wata katanga, na yi ta lalube da jumel. Can sai ga shi, siriri, fari tas, ƙahonninsa biyu sama.

"Allahu akbar! Wata ya tsaya!"

Ya yi sama da yawa ga watan kwana ɗaya, na san da haka. Amma zuciya ta riga hankali. Nan take na buga wa liman waya. Ya ce, "Tunda kai ne, bayan isha zan kai maganar babban masallaci."

Sauran uku suna ta duba, babu wanda ya gani. Mahauci ya karɓi jumel, ya daɗe yana nema, sannan ya ce, "Alhaji, wannan wata naka ai bai kai yankan farce ba. Ko yaye shi aka yi da wuri?"

Na karɓa na sake dubawa. Na sauke jumel: a daidai wurin ba kowa sai Zara, tauraruwar maraice da na sani tun ina goye. Na ɗaga, jinjirin wata. Na sauke, Zara.

Na kira Djougou. Metir ya yi dariya har da tari.

"Mais c'est Vénus, Yaya! Zara ce. Ba haskenta ba ne, na rana ne, shi ya sa take cika tana raguwa kamar wata. Ido ne ba ya iya rabewa. Ai ka yi sa'a, mutane nawa suka mutu ba su ga abin da ka gani ba?"

Ba sa'a ce a gabana ba lokacin. Isha ta matso, kuma da bakina za a sa unguwa guda ta tashi sahur. Mahauci ya ce, "Ka yi shiru mana, wataƙila an gani a wani gari." Wataƙila. Amma ba shi na gani ba.

Na hau zemijan, ɗan babur ɗin haya, na iske liman yana alwala.

"Allah gafarta Malam, na janye. Tauraruwa na gani."

Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Tauraruwa mai ƙaho?"

"Mai ƙaho biyu."

Ya ce, "Gobe ka kawo mini madubin na gani."

Aka ɗauki azumi da sanarwar da ta zo daga hukuma, ba da tawa ba. Mako guda ina shan tsiya a kasuwa. Mahauta suka raɗa mini Angon Zara. Amma kullum bayan buɗe baki sai an yi layin duban Zara da jumel a bakin katangar masallaci, har da su. Liman ya duba ya yi tasbihi. Wani Bafulatani mai kawo shanu ya ce su ma sun san ta, da ita suke koro garke gida. Na gaya masa Faransawa ma tauraruwar makiyayi suke ce mata, ya ce ashe suna da hankali.

Metir ya aiko mini da taswirar sama, na fara koyo ina da shekara saba'in da 'yan kai. Yanzu nakan lissafa inda wata zai tsaya tun rana ba ta faɗi ba.

Da azumi ya kai ashirin da takwas, liman ya tare ni bayan la'asar.

"Alhaji, gobe Tourou. Kai za ka ja masu duba."