Ranar da Hajiya Ta Wanke Mujiya

Duk abin da na manta na zamana a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, ban da wannan sulan azurfa.

Lokacin ina karatun digiri na uku, maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan China, tsohon malamin tarihi, mai tara kuɗin Girkawan dā. Kullum da yamma muna zaune a mamak, wato shagon mai shayi, shayi na hucewa, yana ba ni labarin birnin Atina kamar jiya ya baro ta. Da ya ji mahaifiyata Hajiya ta zo wa matata wankan jego, sai ya ara mini wanda ya fi ƙauna, wani sulai mai hoton mujiya da ya yi baƙi ƙirin, in nuna wa Hajiya. Bai taɓa bari ya fita daga ɗakinsa ba.

Na ajiye shi a kan tebur na tafi makaranta. Wayon ɗan boko ke nan.

Da na dawo na tarar da Hajiya da ɓawon lemon tsami da soson ƙarfe, sulan yana walƙiya kamar sabon cokali.

"Tsohon nan ba shi da mai kula da shi," in ji ta. "Kai kuma ka rasa abin kawowa gidan jego sai mujiya? Sai da na goge na ga idanunta."

Baƙin da ta kankare shi ne darajarsa a wurin masu tarawa. Na hau bene wurin dattijon ina tsara jawabi, da ya buɗe ƙofa duk jawabin ya gudu. Ya daɗe yana juya sulan.

"Shekara sama da dubu biyu," ya ce. "Cikin minti nawa?"

"Tsakanin azahar da la'asar."

"Me ya sa?"

Na ce a wurinmu ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa da dauɗa. Har na fidda rai da shayin gobe. Can sai ya ɗauko 'yar takardar da ke bayanin sulan, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: an buga a Atina, an wanke da hannun Kano.

"Boleh lah," ya ce, wato ba komai a yaren garin. "Gobe kai za ka sayi shayi."

Tun daga ranar, in aka ba ni amanar abu, sai na bayyana wa mutanen gida abin da ya sa yake da daraja, tun kafin ƙauna ta kai masa soso.