Kwana Huɗu a Kujera ta Bakwai

Shekarun baya, za a yi tara yanzu, kotu ta aiko min da takarda a nan Greensboro. Ba laifi na yi ba, juri suka kira ni. Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan mutum goma sha biyu ake ɗebowa daga cikin gari, a zaunar da su su saurari shari'a, su ne za su ce wane ne da gaskiya. In ka zama ɗan ƙasa, wata rana sunanka zai faɗo. Nawa ya faɗo.

Ni ban yi boko ba. Karatun Hausa a zumuntar mata na koye shi, a cocinmu can Pankshin. Turanci kuwa a bakin bokiti na tsince shi, shekara goma sha huɗu ina goge gidajen masu hali a Irving Park. Ina ji, ina mayarwa. Ya ishe su.

A lokacin ƙanina yana wurina. Ni na yi ta faɗi-tashi har ya zo. A gida kwandasta ne, motar Jos zuwa Pankshin. Da ya zo ya samu aiki a wani sito ta wajen Wendover, yana ɗaga kaya, har bayansa ya riƙe. Likita ya rubuta masa maganin ciwo. Ciwon ya tafi, maganin ya zauna. Da likita ya daina rubutawa, sai ya gano masu sayarwa a bayan wani gidan mai. Aikin ya tafi. Talabijin ɗina ya bi shi. Sarƙar da mahaifiyarmu ta bar min ita ma ta bi.

Ban gaya wa kowa ba. A coci in an tambaye shi sai in ce yana aikin Lahadi. Na ce ni na kawo shi, ni zan gyara shi.

Ga yadda nake yi. Duk awa ɗaya ina kiransa daga wurin aiki. In ya ɗauka ba gaisuwa, sai in ce, "Kira min mota." Shi kuma ya ɗaga murya kamar yana tasha: "Bukuru! Barikin Ladi! Mangu! Panyam! Pankshin, saura mutum ɗaya!" Ni harshensa nake saurare. In ya wuce Barikin Ladi bai ja ba, na san lafiya, in koma kan tsummana. Shekara biyu haka. Ko a bayi nake, waya tana hannuna. Matan da nake wa aiki sun ɗauka addu'a nake yi.

Da takardar kotu ta zo, a lissafina ya yi mako shida bai sha ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne: in bar shi yini guda ba kira, in dawo in tarar da gawa. Ana tarar da su haka, ba labari ba ne.

Tsohuwar da nake wa aiki ranar Talata, mijinta lauya ne kafin ya rasu, ita ta karanta min takardar. Ta ce kada in damu. In je, in an tambaye ni in ce akwai marar lafiya a gida, ni kaɗai ke kula da shi, za su sallame ni. Na haddace maganar. Ranar Litinin a mota ina ta maimaita ta har na isa.

Aka shigar da mu. Ɗan sandan kotu ya ce kowa ya kashe waya. Na kashe. Rabon da in kashe wayar nan shekara biyu, sai da na nemi maɓallin.

Aka kira lambata, aka nuna min kujera ta bakwai. Kujera mai katifa, mai juyawa, har da wurin ɗora hannu. Irin ta nawa na goge a Irving Park, ban taɓa ɗora mazaunina a kan ko ɗaya ba. Na zauna. Ɗakin da sanyi, shiru. Sai na ji kafaɗuna sun sauko daga wajen kunnena. Ban ma san a can suke zaune ba.

Wani lauya ya zo kaina. Ya ce, "Madam, shari'ar nan za ta kai kwana huɗu. Akwai wani abu a gida da zai hana ki zama?"

Maganar da na haddace tana bakina, a shirye.

Na ce, "Babu."

Ni dai haka Allah ya yi ni, bakina yana riga kaina. Haka na bar gidan mijina da leda ɗaya, tuwo yana kan wuta. Amma wannan "babu" ɗin ko ni ta ba ni mamaki. Ba ƙasa na yi wa hidima ba, kada in yi muku ƙarya. Kujerar nake so.

Shari'ar kuma ta itace ce. Wasu tsofaffi biyu maƙwabta a McLeansville, ɗaya ya sare babban itacen da ke kan iyakarsu, ya faɗa kan rumfar ɗayan, ya murƙushe masa tarakta. Wanda ya sare ya ce iska ce ta juya shi. A garinmu mai unguwa zai gama wannan kafin ruwan tuwo ya tafasa. A nan kwana huɗu, da lauyoyi, da hotunan kututture kamar na amarya.

Na ji daɗinta, wallahi. Na kusa da ni a kujera ta takwas wani tsoho ne baƙar fata, ya yi ritaya daga tuƙin bas. Sunana ya gagare shi, sai ya sa min Bakwai. Kullum yana da gyaɗa a aljihu. In an ba da hutu sai ya miƙo min, ya ce, "Bakwai, a ƙasarku me ake yi wa wanda ya fasa taraktan maƙwabci?" Na ce, "A ƙasarmu ba ya da tarakta, akuya ce." Ya yi dariya har da tari. Akwai wata baturiya mai saƙa, akwai wani mai barci da ido buɗe. Ba wanda ya ce min Yaya. Ba wanda yake son komai a wurina sai kunne.

Litinin da rana na kunna waya, na kira shi. Ya kira min mota tsaf. Na ce masa sun riƙe ni, ba yadda na iya. Ƙarya ce, kuma ya yarda.

Talata da rana na fito da wayar, na kalle ta, na mayar jaka. Na zauna a benci a waje na ci shinkafata a hankali, har ina kallon tsuntsaye. Da yamma na tarar da shi a gida yana wanke kwano. Na ce ashe ana iya rayuwa.

Laraba ban ma fito da ita ba.

Ƙarfe biyar aka tashi. A cikin mota na kunna. Saƙon murya tara, duk nasa.

Na ƙarfe tara: "Yaya, tunda ba ki kira ba, ga shi." Ya kira motar, har da dariya. Na goma ma haka. Na sha ɗaya ya kira ba dariya. Na sha biyu bai kira mota ba, cewa ya yi, "Yaya, ki ɗauka mana. Jikina ba daɗi. Ki ɗauka." Sai guda huɗu ba magana, numfashi kawai da ƙarar motoci, na gane yana bakin titi. Na ƙarshe, wajen ƙarfe uku. "Bukuru..." Shiru. "Bariki... Barikin..." Bai kai Mangu ba.

Ban san yadda na tuƙa ba. Ina hanya wayar ta yi ƙara. Wani dattijo ne a cocinmu, direban tasi, kowa Baba yake ce masa. Ya ce in wuce asibiti, yaron yana numfashi.

Na samu Baba a zaune a ƙofar ɗakin, hularsa a gwiwa.

"Baba, wa ya kira ka?"

"Shi. Ya ce yayarsa ba ta ɗauka. A bayan gidan mai na kwaso shi."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Kada coci ta ji."

Ya kalle ni. "Wane asiri, 'yata? Duk mun sani. Shekara biyu muna jira ki buɗe baki. Aikin Lahadi! Wane irin aiki ne ba a yin sa sai lokacin sujada? Ni da kike gani, shekara ashirin na yi a cikin kwalba. Kin taɓa tambayata yadda na fito?"

Ya miƙo min hannu.

"Tashi. Ƙasan nan da sanyi."

Na shiga. Ƙanina yana kwance, an sa masa ruwa, leɓensa fari. Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, kin ci abinci?" Saura kaɗan in mare shi. Sai na zauna a bakin gadon na ce, "Laifina ne. Da na ɗauka da ba ka sha ba."

Ya juyar da kai wajen bango. Sannan ya ce:

"Yaya, da kin ɗauka da na kira miki mota tsaf. Shekara bakwai ina kiran garuruwan nan, ko a barci zan kira su. Sau nawa na kira miki da ƙwaya a cikina? Mako shidan da kike ƙirgawa, ko kwana goma ban cika ba."

"To yau me ya sa harshenka ya ja?"

"Yau ba ke ce a kan layi ba. Na'ura ce. Ba wanda zan yi wa dabara."

Na tashi na fita. Ban yi kuka ba, ba na yi. Na tsaya a bakin taga ina tuna duk gidajen da na ajiye tsumma na shiga lungu ina sauraron Barikin Ladi. Shekara biyu ina gadin ƙofa, ashe katangar baya a rushe take.

Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Gobe akwai kotu?"

"Ba zan je ba."

"Za ki je. Ni zan zauna da shi da safe, matata da rana, matan zumunta su karɓa. Gwamnati ta ba ki kujera, je ki ƙarasa zamanki. Ke kaɗai kika zo Amurka?"

Na je.

Ranar Alhamis aka kulle mu sha biyu a ɗaki mu yanke hukunci. Suka yi ta magana a kan iska, wani har da zane a takarda. Ni kwana uku ban ce uffan a kan shari'ar ba. Na ja hoton kututturen gabana. Na ce duk wanda ya taɓa saran itace ya san inda ka buɗe masa baki, can zai faɗi. Na nuna musu da yatsa. Mutumin nan ta gefen rumfar ya buɗe bakin. Iska ba ta yi komai ba, shi ne bai iya ba, kuma bai tambayi wanda ya iya ba.

Hoton ya zaga hannu sha ɗaya. Tsohon nan mai gyaɗa ya buga tebur ya ce, "Bakwai ta gama shari'a." Mai tarakta ya ci. A bakin ƙofa tsohon ya juye min sauran gyaɗarsa a tafin hannu. Ban sake ganinsa ba.

Ƙanina daga asibiti aka kai shi gidan da ake raba mutane da ƙwaya. Baba ne ya kai shi, ba ni ba. Ya fito, ya faɗi, ya koma. Ya sake faɗi. Na uku ya tsaya, kuma yana tsaye har yau. Yana gyaran motoci, yana da mata da yarinya ɗaya mai bakina. Ba ni na tsayar da shi ba. Wannan ya daɗe yana min zafi, yanzu ya daina.

Mutane in sun ji labarin suna so in ce na yi nadamar "babu" ɗin nan. Da ya mutu ranar Laraba, ban san me zan ce muku yau ba, wataƙila ba zan ce komai ba. Amma bai mutu ba, kuma gaskiya ita ce a duk zamana a ƙasar nan ban yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba. Ina tuna sanyin ɗakin, da gyaɗar, da shinkafar da na ci ba waya a hannu.

Ran Lahadi bayan coci yakan kira ni. Wani lokaci in na ɗauka sai in ji, "Bukuru! Barikin Ladi!" Sai in ce, "Rufe min baki, maƙaryaci." Mu yi dariya.

Har yanzu in na buɗe akwatin wasiƙa ina duba ko akwai ambulan ɗin kotu. Ba su sake kirana ba.