Allon da Baba ya bari a ruwa

Baba yana aiki a wani ɗakin gwaji a Samaru, inda ake matse garin katako da gam a mayar da shi allo, irin wanda ake yin silin da shi. Gam ɗin da aka saba da shi daga waje ake kawowa, warinsa har hawaye yake sa mutum. Baba ya haɗa nasa da ruwan bagaruwa da sitacin rogo. Kullum farcensa baƙi ne kamar na majemi, ko ranar Lahadi.

Ina aji ɗaya a sakandare ya zo gida da allo guda, faɗinsa bai wuce na tiren shayi ba. A lokacin majami'armu tana gina ɗakin yara, a hankali, bulo kaɗan yau, kaɗan wata mai zuwa. Baba yana so a yi silin ɗin da allonsa. Kafintan da aka ba aikin, wani dattijo ɗan kudu mai shago a Sabon Gari, ya ce ba zai rataya abin da aka haɗa da rogo a kan 'ya'yan mutane ba sai ya ga ya sha damina biyu a waje bai kumbura ba.

Baba ya ɗora allon a kan bulo biyu a bayan kicin, inda babu inuwa. Ya ce kada kowa ya taɓa. Haka yake faɗa a kan rediyonsa ma, don haka Mama ta ɗauka da mu yara yake.

A gidanmu idan hadari ya haɗu ba a barin komai a tsakar gida. Ana kwashe shanya, da barkonon da aka baza, da turmi, da takalma. Ranar da aka yi ruwan farko Baba yana wurin aiki. Mama ta leƙo ta ce, "Ke, kwaso kayan nan, ki haɗo da katakon babanki. Mutum ya sha wahala a kan abu ya bar shi a ruwa." Na ɗauko na jingina shi a bayan buhun masara. Da aka ɗauke ruwan na mayar. Daga nan ya shiga cikin kayan da ake kwashewa. Idan ruwan dare ya dake shi, da safe Mama takan goge shi da tsumma ta ajiye kusa da murhu har ya bushe, kafin azahar ya koma kan bulonsa.

Ina lura da shi saboda ni ce mai ɗauka. A kusurwa ɗaya akwai ɗan ɓawon bagaruwa da bai niƙu ba. Kullum ina mayar da wannan kusurwar wajen katanga, yadda na same ta ranar farko. Ba don ɓoye wani abu ba, haka kawai na ga ya dace. Kowace Asabar Baba yakan tsugunna ya gwada kaurinsa da wani ƙarfe mai baki, ya jinjina kai. Ban taɓa tambayarsa me yake dubawa ba. Ni ba mai tambaya ba ce, ko a aji.

Bayan damina ta biyu ya ɗauke ni a babur zuwa Sabon Gari don in riƙe allon a baya. Shagon kafintan yana bayan kasuwa, garin katako har idon sawu. Dattijon ya karɓi allon, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya sa farce a gefe.

"Malam, wannan garin kwakin naka ya yi ƙarfi fa," in ji shi. "Ko ka ɓoye shi a ƙarƙashin gado?"

"Haba, Oga. Damina biyu cur yana waje. Ko ɗigo ɗaya bai wuce shi ba."

"Ka tabbata? Jikokina ma a ɗakin nan za su zauna."

"Da bakina nake gaya maka."

A nan na gane abin da ake gwadawa. Na tsaya ina kallon wata kyanwa da ke kwance a kan falanki. Kafintan ya ce to, a kawo masa guda arba'in, ya miƙo mini lemon zaƙi ɗaya. Na karɓa da hannu biyu.

Mun kama hanyar Samaru. Iska tana kaɗa rigar Baba tana dukan fuskata. Sai da muka tsaya shan mai na ce, "Baba, muna shigar da shi ɗaki."

"Me?"

"Allon. In za a yi ruwa. Ni da Mama."

Ya juyo ya dube ni. Mai zuba man yana jiran ya buɗe tanki.

"Sau nawa?"

"Kullum in ba ka nan."

Bai yi faɗa ba. Ya sha mansa, ya juya babur, muka koma Sabon Gari. Ya ce in jira a bakin shago, amma ina jin komai. Kafintan ya yi dariya har da tari, ya kira maƙwabcinsa mai walda ya ba shi labari. "Madam ta fi ka son katakon!" Da ya gama dariya ya ce aikin ba zai jira wata shekara biyu ba, an riga an rufa kwano. Baba ya ce ya sani.

A gida Mama ta ce ai da ya yi mata bayani yadda mutum zai gane. Baba ya ce ya ce kada a taɓa. Ta ce taɓawa daban, ceto daban. Daga nan ba su ƙara maganar a gabanmu ba.

An yi wa ɗakin yara silin da allon kasuwa, warin gam ɗinsa ya yi wata guda bai fita ba. Baba ya haɗa sabon allo ya ɗaure shi da waya a kan rufin kicin, inda sai da tsani ake kaiwa. Daminar farko bai nuna komai ba. A tsakiyar ta biyu gefensa ya kumbura, ya fara buɗewa hawa-hawa. Baba ya sauko da shi, ya murza gefen da yatsa, ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce sitacin ya yi yawa. Ya sa gutsuren a leda ya rataya a babur, washegari ya tafi da shi wurin aiki.