Fasfo a Cikin Daddawar Kaka

A saman benenmu na unguwar Waziriyya a Jidda Kaka take hura wuta. Akwai gas a kicin, amma ita a wajenta labarin da ba a ba da shi gaban garwashi ba bai dahu ba. Da an idar da kiran magariba a masallatan unguwa, sai ta hau da kaskon gawayi da kwanon gyaɗa, ni da ƙanena Dauda mu bi ta a guje muna rige-rigen zama kusa da ƙafarta. Mama ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Jidda, ita ta ɗauko Kaka daga gida don ta kula da mu. Mu Kirista ne, ibadarmu a ɗaki muke yi a hankali, don haka saman benen nan shi ne makarantar Lahadinmu, kuma kullum ake buɗe ta.

Ina shekara tara aikin Mama ya ƙare. Kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar, ya sa aka buga mata bizar fita ta ƙarshe, ya miƙo mata fasfonta da ya yi shekara da shekaru a hannunsa. Kowa na murna ban da ni. A Jidda aka haife ni, Najeriya kuwa a hoto kawai na san ta. Sai na yi wata dabara da a lokacin nake ganin duk duniya babu mai kai irin nawa: na sace fasfon Mama, na cusa shi can ƙasan robar daddawar Kaka. Babu fasfo, babu tafiya. Halas, magana ta ƙare!

Kwana biyu Mama tana birkita gida, har cikin firji ta leƙa. Saura kwana uku jirgi ya tashi. Na ji tana gaya wa Kaka cewa in wa'adin bizar ya wuce muna nan, mun zama marasa takarda, ana iya kama ta a titi a raba ta da mu. Duk da haka ban fito da fasfon ba.

Da yammar nan Kaka ta hura wutarta kamar babu abin da ya faru. "Ku gyara zama," in ji ta. "Na yau ba tatsuniya ba ce, ya faru da gaske."

Ta kai mu jeji tare da Isra'ilawa, bayan Allah ya fitar da su daga bauta a Masar. Yunwa ta kama su, suka dinga yi wa Musa gunaguni. Kaka ta murguɗa baki tana kwaikwayonsu: "Can da muka baro ko albasa ce muna samu!" Muka kwashe da dariya. Washegari da asuba sai ga abinci fari fat ya rufe ƙasa kamar raɓa, ga zaƙi kamar an zuba masa zuma.

Dauda ya miƙe tsaye. "Kyauta, Kaka? Daga sama?"

"Daga sama, maigidana! Sunkuyawa kawai za ka yi."

Amma akwai doka guda: kowa ya ɗebi na yau kaɗai, kada a ajiye na gobe. Kaka ta rage murya ta ce akwai wata mai wayo da ta faki ido ta cusa nata can ƙasan tulu. Gari na wayewa, tsutsa ta cika tulun, wari ya game zango, har maƙwabta suna toshe hanci suna nuna tantinta. Dauda ya faɗi yana birgima don dariya. Ni kuwa sai satar kallon Kaka nake yi.

"Haɗama ce ta sa ta?" in ji Dauda.

"Tsoro ne," in ji Kaka, idonta a kan garwashi. "Gani take in ta saki na hannunta, gobe babu. Ta manta wanda ya ciyar da ita a nan yana can gaba yana jiranta." Ta juya gyaɗarta, sannan ta ce, "Rahila, ƙawata, sauka ki ɗebo min daddawa. Ki zura hannu har ƙasa, ta ƙasan ta fi daɗi."

Ashe tun safe ta gani! Na sauka, na ciro fasfon, na kai wa Mama ina kuka. Ta karɓa, ta rungume shi, ta shinshina, ta ɗaga hannu za ta zabga min mari. Daga bakin ƙofa Kaka ta ce, "Bar ta. Warin zai hore ta har gida."

Haka kuwa aka yi. Mun goge, mun shanya, mun turara, a banza. A filin jirgi jami'in ya ɗaga fasfon da yatsa biyu yana yamutsa fuska. "Esh hada?" in ji shi, wato mene ne wannan. Dauda ya nuna ni da ƙarfi: "Ita ce!" Mutumin ya buga hatimi da sauri yana cewa, "Yalla, yalla!"

Kaka ta rasu da daɗewa. Na yi shekaru ina ɗauka biyayya ita ce gudun tonon asiri, sai da na girma na gane amincewa take nufi: ka saki abin da aka ce ka saki alhali ba ka ga na gobe ba. Ni ma jinya na karanta, na dawo Jidda aiki, kuma a wannan watan nawa wa'adin yake cika. Ban san abin da ke jirana a gida ba, ina jin tsoro ƙwarai. Wata abokiyar aikina ta ce in laɓe kawai in ci gaba da zama ba takarda, mutane da yawa suna yi. Da na koma ɗaki na buɗe tsohon fasfon Mama da nake yawo da shi, na kai hanci. Har yau warin yana nan, kaɗan-kaɗan. Na rufe shi, na jawo akwatina.